Yaron da ya ci biyu cikin ashirin a darasin kiɗa

Malamin Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Wata matsala ce ta tsaya mini a rai a wurin aiki, na ga gara in kawo ta gabanku, tunda a cikinmu akwai malamai, akwai iyayen yara, akwai kuma waɗanda kiɗa gadon gidansu ne.

Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati nan Kumasi, a ƙasar Ghana. Ba kiɗa na karanta a kwaleji ba. Da sabuwar manhaja ta zo aka haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, hedimasta ya duba bai ga mai ɗauka ba, sai ya ɗora mini. Tun 2024 kuma darasin ya shiga jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ya tashi daga abin cike lokaci.

Yara 58 ne a ajina, fiye da rabi 'yan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi. Makon jiya na ja layuka biyar a allo, na zana alamomin kiɗa irin na Turawa, na ce kowa ya rubuta sunan kowace alama da tsawonta. Wani yaro na bencin baya ya ci biyu cikin ashirin. Da aka fita cin abinci na dawo ɗaukar jakata, sai na tarar ya kifa bokitin shara tsakanin gwiwoyinsa. Hannun dama na kaɗa adowa, kiɗan Asante, a gindin bokitin, hannun hagu na riƙe da bugun ƙararrawa da murfin biro a jikin ƙarfen tebur. Bugu biyu daban, kowanne na tafiyarsa, ba wanda ya taka wani. Daga nan ya juya kiɗan Damba na Dagomba, yara suka ɗauki tafi. Na tsaya a bakin ƙofa da takardarsa a hannuna, jan biro ya cika ta.

Ni da na ba shi biyu, wallahi ba zan iya minti ɗaya na abin da ya yi ba. To wanne ne sanin kiɗa, nawa ko nasa? Kuma in duka biyun sani ne, da wanne ake fara wa yaro?

Hajiya Mai Atamfa

Wa alaikumus salam Malam. Ni uwa ce, abin da ke cikina zan faɗa. Tun asuba nake fita kasuwar Kejetia saboda karatun yaran nan. Gwamnati ta ɗauke mana kuɗin babbar sakandare tun 2017, mun gode Allah, amma kafin yaro ya kai can sai ya ci BECE, kuma makinsa ne ke nuna makarantar da za a tura shi. In takarda ce za ta kai shi, a koya masa takardar. Ba wanda zai miƙa masa bokiti a ɗakin jarrabawa. Kuma ku yi haƙuri, ban kai ɗana boko don ya dawo mini maroƙi ba.

Jikan Makaɗi

Hajiya, maganarki ta ƙarshe ta sosa mini rai, amma na san ba da mugun nufi kika faɗa ba, haka aka tashi ana faɗa mana.

Kakana makaɗin kalangu ne a unguwar Alabar. Mahauta yake yi wa kiɗa, don kalangu tun asali nasu ne, sannan gidajen awure da suna. Bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Amma in baƙo ya shigo taro, aka raɗa masa ɗan gidan wane ne, zai jero masa kakanni har zuwa wanda ya fara zuwa fataucin goro daga Kano ko Katsina, da garin da ya yada zango, da wadda ya aura. Na ga dattijo da gemu fari yana share hawaye saboda an kira sunan kakarsa da ya manta. Wannan ba sani ba ne?

Ina ɗan shekara bakwai ya fara saka mini kalangu a hammata. Bai ce mini ga ƙa'ida ba. Cewa ya yi in ce “kuka” na mai hawaye, in ce “kuka” ta miya, in saurari inda muryata ta tsaya sama da inda ta faɗo. Sai ya matse igiyoyin da damtse ya buga da gula, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko. Ranar na gane ganga magana take yi da Hausa. Da na shiga boko wani malami ya ji labarin gidanmu, ya riƙa kirana ɗan maroƙa a gaban aji. Na ajiye kalangu ban sake taɓawa ba. Yau tela nake, alhamdu lillahi, amma kakan ya rasu da abin da ke kansa, ba wanda ya ɗauka sai ƙanin babana, shi ma ya tsufa.

Ustaz na Sawaba

Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ta riga taku: shin ya halatta a zaunar da ɗan Musulmi a koya masa kayan kiɗa? Hadisin da ya ambaci masu halatta kayan kiɗa yana cikin Bukhari. Aya ta 6 a Suratu Luƙman, Ibn Mas'ud ya fassara “lahwal hadis” da waƙa. Na san akwai saɓani, ban ɓoye ba. Ibn Hazm bai ga haramci ba, Imam Gazali ya yi bayani mai tsawo da sharuɗɗa, kuma hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi ya inganta. Amma mafi yawan malaman da muka yi karatu a hannunsu sun tsananta a kan kayan kiɗa ban da duffi. Uba yana da haƙƙin ya san abin da ake koya wa ɗansa. Ku malaman boko kukan yanke hukunci a kan 'ya'yanmu ba ku tambaye mu ba.

Malamin Aboabo

Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Ban zo jayayya a kan hukunci ba, ba fagena ba ne. Sai dai darasin yana cikin manhaja, yaro zai rubuta shi ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannuna shi ne yadda zan koyar da shi.

Tsohon Hedimasta

Malam, ɗana, abin da ka gani a bakin ƙofar nan ya girme ka, ya girme ni.

Kiɗan makarantar boko a ƙasar nan daga coci ya fito. Mishan ne suka kawo shi: waƙoƙin ibada, do-re-mi, da badujalar maci. Ganga kuwa a wurinsu kayan tsafi ce. Ephraim Amu, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1995, malamin kiɗa ne a kwalejin horar da malamai ta Akropong. A farkon shekarun 1930 aka raba shi da aikin saboda yana koyar da ganga, kuma ya hau mumbarin coci da zane irin na gida. Makarantar Achimota ta ɗauke shi. Shi ne ya gyara atenteben, sarewar gora ta Tonawa, wato masu harshen Twi, har ta zama abin da ake koyarwa a aji. Daga baya hotonsa ya hau takardar sidi 20,000 ta da. Bayansa Farfesa Kwabena Nketia, mutumin Mampong, ya shafe shekaru masu yawa a jami'ar Legon yana bin makaɗan gargajiya yana rubuta abin da suka sani, har ya rasu a 2019.

Abin da nake so ku lura da shi: waɗannan mutane sun yi wa kiɗan mutanensu faɗa har ya shiga littafi. Shi ya sa yau yaro zai buɗe littafi ya ga adowa da kete da fontomfrom na Asante, agbadza na Ewe, kpanlogo na mutanen Ga, gyil na Dagarti, har da kiɗan Dagomba. Mu 'yan Zango wa ya yi mana wannan faɗan? Ba wanda ya hana mu. Mu ne muka ja baya, da farko daga bokon gaba ɗaya, sannan daga wannan fanni musamman. Ko harshenmu ba ya cikin harsunan gida da ake rubutawa a BECE, yaranmu na nan Kumasi Tonanci suke rubutawa. Na yi shekaru ina shugabantar makaranta, gangar atumpan ke kiran yara taron safe, kuma sau da yawa yaron da ya fi iya buga ta ɗan Zango ne. Ya iya na kowa, nasa ne ba a taɓa tambayarsa ba.

'Yar Winneba

Baba Hedimasta, na gode da wannan tarihi. Ni 'yar Nima ce daga Ankara, babban birninmu, koyar da kiɗa nake karantawa a jami'ar Winneba, kuma sai da na sha fama a gida kafin a bar ni.

Yaya Malam, amsar tambayarka ita ce duka biyun sani ne, kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai sanin hannu, wanda yaronka ke da shi. Akwai sanin kunne, mutum ya ji kiɗa ya ce wannan na wane yanki ne, ganguna nawa ne a ciki, wacce ke jagora, ina aka yi kuskure. Shi ma yana da shi, in ba haka ba da bai kwaikwayi Damba ba. Akwai irin na kakan Yaya Tela, sanin wa ake yi wa kiɗan, yaushe, don me. Akwai iya ƙirƙiro sabo. Rubutu ɗaya ne daga ciki, amma shi ya fi sauƙin yi wa maki, shi ya sa ya danne sauran.

Sai dai zan kare rubutun, don na ga ana neman a mai da shi abokin gaba. A babbar sakandare wanda ya ɗauki kiɗa a WASSCE, jarrabawar fita, ba rubutu kawai yake yi ba, akwai jarrabawar saurare, akwai kuma wadda zai tsaya ya rera ko ya buga a gaban mai dubawa. Yaro irin naka zai yi fice a biyun nan, rubutun ne zai kayar da shi, kuma saboda shi ba zai ma kai wurin ba. Hana shi rubutu zalunci ne kamar yadda raina hannunsa zalunci ne.

Kuskuren a wurin farawa yake. Layuka biyar ba nan ake farawa ba. Gwada wannan: ja akwatuna 12 a jere a allo. Sa ɗigo a na 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12. Ka sa aji su ƙirga ɗaya zuwa sha biyu a hankali, su tafa a inda ɗigo yake kawai. In suka ɗan ƙara sauri, za su ji bugun ƙararrawar agbadza ya fito daga hannunsu. Bugu bakwai cikin gurbi sha biyu. Daga nan ka kira yaron nan ka ce ya buga nasa, aji su nemo akwatunan da ɗigo zai shiga. Ranar zai ga abin da ke hannunsa a allo, ya san rubutu hoton abin da ya riga ya iya ne.

Ɗan Studiyo Asawase

Anti, wallahi abin da kika zana shi ne aikina kullum! A kwamfuta akwatuna 16 ne a jere, ka danna inda kake son bugu ya faɗa. Ni ban san sunan alama ko ɗaya ba, amma da haka nake haɗa wa yara kiɗa. Tun da asakaa, salon waƙar rap na samari, ta tashi a Kumasi a 2020 yaran unguwa ke cika mini ɗaki, wasu da rigar makaranta. Kowa da wayarsa da abin da ya haɗa. Malam, yaranka suna ƙirƙira, ba a aji suke yi ba ne kawai. Kuma Hajiya, akwai abinci a ciki: masu ɗaukar murya, masu sauti a gidan rediyo, masu saita lasifika a masallaci da wurin maulidi, duk kunne suke sayarwa.

Hajiya Mai Atamfa

Ɗana, na ji akwai abinci. Amma na ji irin kalmomin da ke cikin waƙoƙin da kuke haɗawa, ba zan iya maimaita su a gaban mutane ba. In abin da za a kawo aji ke nan, a bar shi a waje.

Tela, ka yafe mini. Ban san kakanka ba, amma a awurena an yi kalangu, kuma har yau ina tuna kirarin da aka yi wa mahaifina.

Ɗan Studiyo Asawase

Gaskiya ne Hajiya, akwai na banza da yawa. Amma yaron da ba wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa yadda ake gina baiti mai ma'ana, me zai rera in ba abin da ya ji a titi ba?

Ustaz na Sawaba

A nan na yarda da kai, kuma nan ne nake da abin bayarwa.

Muna da ilimin awon waƙa tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a ƙasar nan. Aruli ake ce masa. Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara shi, ya fitar da karuruwa 15, aka ƙara ɗaya bayansa suka zama 16. Malamanmu sun ɗora waƙar Hausa a kansa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, har da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara. A ƙasar nan ya yi su. Yaro nawa a ajinka ya taɓa jin sunansa, Malam?

Kuma awon ba wuya gare shi ba. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai sauƙi da mai nauyi, mai nauyi tana cin lokacin masu sauƙi biyu. “Gida”: sauƙi, nauyi. “Yaro”: nauyi, nauyi. “Kasuwa”: nauyi, sauƙi, nauyi. “Makaranta”: sauƙi, sauƙi, nauyi, nauyi. Yaron da ya yi Ishiriniya ko Burda a makarantar dare, wannan awo yana cikin jininsa. Murya ce da baiti, ba goge ba garaya. A kan wannan ba ni da ja.

'Yar Winneba

Ustaz, Allah ya saka da alheri, ka ba Yaya Malam darasin mako guda a kyauta. Abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da yaron ya faɗi a kai. Alamar nan mai baƙin kai da sanda tana cin lokacin biyu daga masu wutsiya. Nauyi da sauƙi ke nan. A rubuta “makaranta” a allo, a tafa ta, a sa masu wutsiya biyu ƙarƙashin “ma-ka”, marasa wutsiya biyu ƙarƙashin “ran-ta”. An gama. Yaran da suka yi tajwidi ma sun saba ƙirga tsawon sauti, wannan maddi haraka biyu, wancan shida.

Ustaz na Sawaba

'Yata, tsaya nan. Baiti na ba ku, ban ba ku Alƙur'ani ba. Tajwidi ba kiɗa ba ne, kada a kawo shi misali a darasin kiɗa ko da niyya mai kyau. Yaro ba zai rarrabe ba, gobe sai ka ji yana tafa wa aya.

'Yar Winneba

Na karɓi gyara, Ustaz. Na janye wannan misalin.

Jikan Makaɗi

Ni akwai inda ban gamsu ba. Akwatunan nan za su nuna lokacin da gula ta faɗi, na yarda. Amma kalangu ba faɗuwar gula ba ce kawai. Bayan ka buga, damtse na ci gaba da aiki, murya na lanƙwasa tana hawa ko tana zamewa ƙasa, kamar yadda bakin mutum ke yi in ya ce “kai” na jiki. Wane akwati ne zai riƙe wannan? Tsorona shi ne a rubuta rabin abu, yara su ɗauka shi ne duka, su fito da kiɗa busasshe, su kuma ce tsofaffin ne ba su iya ba don bai yi daidai da littafi ba.

'Yar Winneba

Yaya, tsoronka yana kan hanya, kuma malamanmu ma suna faɗar haka. Layuka biyar an gina su ne a kan matakan sautin fiyano, kalangu da goge kuwa suna bi ta tsakanin matakan. Ko gyil, mai katako 14, saitinsa ba ya zama daidai a kan fiyano. Takarda tunatarwa ce ga wanda ya riga ya ji da kunnensa. Shi ya sa ba a raba ta da mai abin. A Dagbon, ƙasar Dagomba, har yau lunsi, wato makaɗan fada, a hannun iyayensu suke koyo tun suna yara, su haddace jerin sarakunan Yendi da kirarin kowanne, ba a aji ba. Abin da makaranta za ta iya shi ne ta kawo irin wannan mutum gaban yara, ta zaunar da shi a kujerar malami, a yi masa tambaya a rubuta amsarsa. A kuma ɗauki muryarsa a waya, don abin da takarda ta kasa riƙewa waya za ta riƙe.

Tsohon Hedimasta

In za a kawo makaɗi, Malam, ka sa a ajiye kalangu kusa da donno na Tonawa da lunga na Dagomba. Yara su duba da idonsu: ƙugu siriri, fata biyu, igiyoyi, sanda mai lanƙwasa. Sai ka tambaye su yaya aka yi gangar Kano da ta Yendi da ta Manhyia, fadar sarkin Asante, suka zama 'yan uwa. Daga nan za ka shiga hanyar goro, Salaga da Gwanja, ba tare da ka buɗe littafin tarihi ba. Yaran Tonawa da ke ajin su ma za su san maƙwabtansu ba jiya suka zo ba. Kuma cibiyar al'adu tana nan kusa da Bantama, kuɗin trotro, motar haya, ne kawai, ka kai su su ga masu sassaƙa ganga.

Amma ka sanar da ofis a rubuce kafin ka shigo da baƙo. Na ga malamin kirki ya shiga matsala a kan abin da bai kai wannan ba.

Baban 'Yan Mata

Ina bin maganar tun safe ban sa baki ba. Duk kuna ta yaro, yaro. Ni 'ya'yana mata ne uku. An taɓa sa babbar ta cire hijabi ta ɗaura zane a ƙirji don rawar gargajiya a bikin makaranta, ta dawo gida tana kuka, ta ce an ce maki ne. Na je na yi magana, aka ce ni ne ban waye ba. Daga ranar ta tsani darasin, alhali a gida ita ce ke ba ƙannenta waƙa in suna wanke-wanke. Malam, me ka tanadar wa irinta?

Malamin Aboabo

Alhaji, abin da aka yi wa 'yarka bai dace ba, kuma ba na jin akwai wanda zai nuna maka inda aka rubuta sai an cire hijabi kafin a ba da maki. A ajina ban taɓa tilasta wa kowa rawa ba, amma in faɗi gaskiya ban kuma tanadi wani abu a madadinta ba, sai dai su zauna su kalla. Maganarka ta sa na ga wannan ma tauye su ne.

Kuma mata suna da nasu da ban taɓa tunanin kawowa ba. Waƙar daka, inda taɓarya uku ke shiga turmi ɗaya ba su haɗu ba. Waƙar reno. Waƙoƙin gaɗa da tafinsu. Kiɗan ƙwarya da shantu na cikin gida. Zan ba su aiki kowace ta je wurin kakarta ko wata tsohuwa a gidansu ta karɓo waƙa ɗaya, ta rubuta kalmomin, ta faɗi lokacin da ake yin ta, ta auna gaɓoɓin yadda Ustaz ya nuna. Wadda ta so ta rera, wadda ba ta so ta karanta.

Hajiya Mai Atamfa

In haka ne ku turo su wurina ranar Lahadi, ba na fita kasuwa. Ina da na daka da na reno da na rakiyar amarya waɗanda na ɗauka a bakin kakata, 'ya'yana ko ɗaya ba su iya ba. Amma Malam, ina nan a kan bakata: ranar jarrabawa ina so yaron nan ya ci takardar. Kada a yi ta tafi shekara ta ƙare.

Malamin Aboabo

In sha Allahu Hajiya. Yau ma na gwada akwatuna 12 a darasin ƙarshe. Sau uku aka yi tafin ya watse, a na huɗu ya zauna. Yaron bencin baya ne ya fara ɗaga kai ya ce, “Malam, ai wannan na Ewe ne.” Na ba shi alli na ce ya zana bugun da yake yi da murfin biro. Ya daɗe a gaban allo yana bugawa a cinyarsa yana ƙirgawa, ya goge sau biyu, ɗigo ɗaya ya ƙi zama inda yake so. Aka tashi bai gama ba, ya ce in bar masa allon kada a goge. Layuka biyar ban koma kansu ba tukuna, sai mako mai zuwa in ga ko gadar za ta ɗauke shi.

Ustaz na Sawaba

Zan turo maka baiti biyar masu sauƙin awo, da boko da ajami. Amma ranar da za a kawo kalangu ina so a rubuta wa iyaye tun da wuri, wanda bai yarda ba a ba ɗansa wani aiki, kada a rage masa maki. Ni nawa ɗan ba zai zauna ba, ina faɗa tun yanzu don kada a ji daga baya.

Malamin Aboabo

Na ɗauka, Ustaz. Zan nuna wa hedimasta wasiƙar gobe.

Jikan Makaɗi

Na je wurin Baffa bayan la'asar. Da farko ya ƙi, ya ce yaran boko dariya za su yi masa. Da na ce masa a kujerar malami zai zauna, ya yi shiru, sannan ya sa aka sauko da kalangun daga saman durowa. Fatar gefe ɗaya ta tsage, igiya biyu sun tsinke. Ya ce a nemo masa fatar ɗan akuya a mayanka, shi zai ɗaura da kansa, amma tana son kwanaki kafin ta bushe ta yi murya. Don haka Malam, kada ka sa ranar a makon nan. Kuma ya ce a tambayo masa sunayen iyayen yaran da garuruwan kakanninsu tun kafin ya zo, ba ya shiga taron da bai san 'ya'yan wa ke ciki ba.